In Mota Tana Ɗigon Ruwa

Motocin da ke zuwa kasuwar Sakabal, a cikin ƙasar Rumbu, suna shan rairayi da rana. Inji yana zafi ƙwarai. Ruwan lagireto ne ke sanyaya shi. In ruwan ya tsiyaye, inji ya ƙone, gyara kuwa sai Dakoro ko Maraɗi.

Direban kirki yana duba ƙarƙashin motarsa kowace safiya. In ya ga ƙasa ta jiƙe, sai ya nemi inda ruwa ke fita. Wuri 4 ake dubawa: tiyo, jikin lagireto, murfinsa da famfon ruwa.

In bakin tiyo ya saki, a ƙara ɗaure zoben ƙarfensa. In tiyo ya tsage, a naɗe shi da robar cikin taya. Wannan gyaran hanya ne kawai, a sayi sabo. Murfin da robarsa ta mutu, a sake shi. Lagireton da ya huje, a kai wa mai walda. In man inji ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga ciki: sai makaniki.

Hattara! Ba a buɗe murfi da zafi, tururi yana ƙona fuska. Ba a zuba ruwan sanyi cikin inji mai zafi, ƙarfe yana tsagewa. A tace ruwan rijiya kafin a zuba. Ruwan lagireto mai launi na kanti guba ne, a raba shi da yara da awaki.

Rigakafi ya fi magani.