Girkin Girkawa da Kwaɗon Hajiya

A cikin hutun ƙarshen zangon karatun da ya gabata na raka mahaifiyata daga Kiru zuwa Abuja domin ganin likitan ido. Da aka gama aiki lafiya, ƙanena da ke zaune a can ya dage sai ya kai mu cin abinci waje, wai shi ne barkarsa ga Hajiya. Mu takwas ne: Hajiya, da ni da maiɗakina da yaranmu uku, da shi da amaryarsa. Wurin da ya zaɓa gidan abinci ne na zamani wanda ya ƙware a girkin ƙasar Girka, irin wanda sai an buga waya an kama tebur kafin a zo. Bango fari tas, tagogi shuɗɗa, fitilu a dusashe kamar mai wurin yana tsoron kuɗin wuta, ma'aikata kuma suna magana ƙasa-ƙasa.

Matsalar farko ba ta abinci ba ce. Ni ne ɗan farin Hajiya. Ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma tun da na yi wayo ban ga ta ci abinci a gabana ba. A gidanmu na Kiru, maigida da akushinsa, samari da kwanonsu a zaure, mata da 'yan mata a tsakar gida. Yau ga ta a tebur guda da ɗan fari da surukai biyu. Ta gyara mayafi, ta karkata kujerarta wajen jikoki, sannan ta ce wa ƙanena, "Auta, da ka sa an ƙunso mana mun ci a gida, ai da ya fi mutunci." Ni kuwa na kira ma'aikacin na tambaye shi abin da ya wajaba a tambaya, domin a can Girka naman alade ne aka fi gasawa a tsinke, kuma giya takan shiga cikin wasu miyoyinsu. Ya tabbatar mana da rago da kaza da kifi ne a gabanmu, sannan muka yi bisimilla.

Al'adar Girkawa ce a jera ƙananan faranti a tsakiyar tebur, kowa ya miƙa hannu, abin da suke kira meze. A nan Hajiya ta saki jiki, domin duk abin da aka ajiye sai ta gane shi. Aka kawo wani farin abu mai kauri mai suna tzatziki, ta ɗanɗana ta ce, "Wannan ai kindirmo ne aka ɓata da tafarnuwa da kokwamba." Aka kawo horta, dafaffen ganye da aka yayyafa wa man zaitun da lemon tsami, ta ce kwaɗo ne da aka manta ba a sa ƙuli-ƙuli ba. Fava kuwa, wani irin wake ne rawaya da ake dafawa har ya narke, ta ce faten wake ne na marasa haƙori. Da souvlaki ya iso, babban ɗana ya riga ta: "Hajiya, tsire ne!" Ta ce, "Tsire ne, angona, amma mai tukubar rowar yaji gare shi." Feta kaɗai ta ɗan tsaya a kansa, wato farin cukun nan mai gishiri, ta ce ya yi kama da wanda ake kawowa daga Nijar, sai dai shi a jiƙe yake.

Da takardar kuɗi ta zo, ƙanena ya yi ƙoƙarin rufe ta da hannu, amma na hango. Abin da muka ci a zama guda ya ninka mafi ƙarancin albashin ƙasar nan, Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, fiye da sau biyu. Malamin jami'a da ya ga irin wannan lissafi ba ya buƙatar a ce masa ya yi shiru. Ba mu gaya wa Hajiya ba har muka shiga mota. Da ta ji, ta yi salati, ta ce, "Ganyen da awakina suke ci?"

Wannan tambaya tata ce ta hana ni sakat, domin Hajiya ba ta yi kuskure ba. Mafi yawan abin da aka jera mana abincin talakan ƙauye ne. Girka ƙasa ce ta duwatsu da tsibirai, ƙasar nomanta kaɗan ce, kuma har tsakiyar ƙarnin da ya wuce 'ya'yanta suna ta ƙaura zuwa Amurka da Ostireliya da Jamus saboda talauci. Horta ganyen daji ne da mata suke tsinkowa a gefen tsauni, kamar yadda iyayenmu suke tsinko tafasa da rama da yaɗiya da damina. A hunturun 1941 zuwa 1942, lokacin da sojojin Jamus da Italiya suka mamaye ƙasar, yunwa ta kashe dubban mutane, musamman a Athens, kuma ganyen daji yana cikin abin da ya riƙe mutanen ƙauye. Mu ma muna da irin wannan tarihi, tun daga yunwar Kakalaba ta 1914 har zuwa farin shekarun 1970. Mu mun fito daga yunwa muna jin kunyar abin da ya cece mu. Baƙo ya zo gidanka a Bebeji ka ba shi kwaɗon zogale, sai a ce ka wulaƙanta shi. Sai an dafa masa taliya da shinkafar waje.

Girkawa ba baƙi ba ne a Kano, ko da yake matasa ba su sani ba. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, suna cikin baƙin 'yan kasuwar da suka zo tare da Kwarori. Harafin Z da ke cikin sunan kamfanin PZ na George Zochonis ne, Bagirken da ya kafa kamfanin tare da abokinsa Paterson a Saliyo. A. G. Leventis Bagirke ne daga tsibirin Saifurus, kuma kamfaninsa ne ya kafa Nigerian Bottling Company a 1951, masu sarrafa Coca-Cola. Makarantar koyon aikin gona ta Gidauniyar Leventis tana nan a Panda, cikin ƙaramar hukumar Albasu. Kakanninsu sun zo sun sayi gyaɗa da fata da ƙirgi a hannun kakanninmu, sun sayar musu da sabulu da atamfa. Yau abincin ƙauyensu ne ya biyo sawu, muna biyan kuɗinsa da murna.

Ta yaya ganyen daji ya zama abincin manya? Ba da farin fenti da shuɗɗan tagogi kaɗai ba. Tun a farkon shekarun 1960 masu binciken lafiya ƙarƙashin jagorancin Ba'amurke Ancel Keys suka lura cewa manoman tsibirin Kirit, masu rayuwa a kan ganye da wake da man zaitun, ba su cika kamuwa da ciwon zuciya ba. Daga nan sunan cimar Bahar Rum ya bazu a duniya, har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2010. Sai kuma shari'a. Kamfanonin Denmark da Jamus sun daɗe suna yin farin cuku da nonon saniya suna kiransa feta. Girka ta yi ta ja da su har Tarayyar Turai ta ba ta kariyar sunan a 2002, kotun Tarayyar kuma ta tabbatar da haka a 2005. Yau a kasuwar Turai ba a kiran cuku feta sai an yi shi a wasu yankuna na Girka, da nonon tumaki, ko a haɗa da na awaki wanda bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba, kuma ya yi aƙalla wata biyu yana nuna. Ina roƙon mai karatu ya lura da wannan sashe na ƙarshe. Kariyar suna ta zo ne da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ta hau kan Bagirken kansa kafin ta hau kan baƙo.

Ba sai an je Turai ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi rajista a hukumar OAPI, mai kare haƙƙin fasaha a ƙasashen Afirka da yawancinsu rainon Faransa ne. Senegal ta shigar da dafa-dukanta na shinkafa da kifi cikin jerin UNESCO a 2021. Mu ma mun ga Hawan Sallar Kano ya shiga wannan jeri a Disamban 2024, wanda ya nuna mun san hanyar idan mun ga dama. Doki da rawani mun yarda abin nunawa duniya ne. Fura da dambu da ɗanwake da kwaɗo kuwa mun bar su a bakin tasha.

Abin ya fi yi mini ciwo idan na dubi yankinmu na kudancin Kano, domin duk abin da gidan abincin nan na Abuja yake taƙama da shi muna da kwatankwacinsa. Kifi yana tafkin Tiga, karfasa da tarwaɗa. Nono yana rugagen Fulani daga dajin Ɗansoshiya a Kiru har gefen Falgore a Doguwa. Shinkafa da masara suna Tudun Wada, rake yana fadamunmu, tumatir da albasa suna gangarowa daga noman rani na Kadawa, wanda ruwan Tiga ne yake shayar da shi. Kuma an taɓa yin tunanin haɗa waɗannan da baƙi masu kuɗi a aljihu. Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, da ya gina madatsun Bagauda da Tiga bai tsaya ga ruwa kaɗai ba. Otal-otal na shaƙatawa sun tashi a gefensu, na Bagauda da kuma Rock Castle a kan dutsen Tiga. Manyanmu suna ba da labarin yadda ma'aikata da 'yan kasuwa suke fitowa daga birni da iyalansu ranar hutu, su ci abinci suna kallon ruwa. Yau harabar Bagauda ta zama reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Najeriya, Rock Castle kuwa ya shafe shekaru yana jiran mai ceto. Mutumin Kiru da yake son ya zaunar da mahaifiyarsa a wuri mai tsabta da natsuwa ta ci kifin Tiga, sai dai ya saya a bakin hanya ya kai gida.

Na san abin da za a ce: ana fama da tsadar buhun masara, wane ne yake ta gidan abinci na alfarma? Magana ce mai nauyi, kuma ni ma ba na fatan ranar da kwaɗon rama zai fi ƙarfin mai tsinko ramar. Sai dai kuɗin da ƙanena ya biya a daren nan an riga an kashe su, kuma irinsa suna da yawa a Kano da Abuja da Kaduna. Abin dubawa shi ne aljihun da kuɗin suke faɗawa. Na man zaitun da feta, rabonsu mai tsoka ya tsallaka teku. Da kindirmo ne na rugar Ɗansoshiya, da ya tsaya a hannun matar da ta tatsa.

Kuma kada mu ɗora wa gwamnati laifin duka. Mai nonon da take ƙara ruwa da garin kuka don ƙwarya ta cika, da mai tsiren da yake naɗe nama a tsohuwar jarida ko takardar siminti, da mai kifin da ba ya canza man suya sai ya yi baƙi ƙirin, kowannensu yana rage darajar abin da yake sayarwa da hannunsa. A jami'o'inmu kuwa akwai sassan kimiyyar abinci da na noma, kuma ɗalibai suna rubuta kundaye a kan fura da daddawa da kilishi shekara da shekaru. Ni kaina na zauna a ɗakunan da ake kare irin waɗannan kundaye. Ana tafa wa ɗalibi, a ɗaure kundin da baƙar fata, a jera shi a kanta. Ban taɓa ganin an gayyato sarkin fawa ko shugabar masu fura ta zauna ta saurara ba, balle a zauna tare a rubuta ƙa'idar da za a ce duk kindirmon da bai cika ta ba, kada ya amsa sunan garinmu. Ƙungiyar masu sana'a guda da sashen jami'a guda sun isa su fara wannan, ba sai an jira Abuja ba.

Wani abu guda na ɗauko daga teburin nan wanda ba ya cikin takardar kuɗi. Wajen tsakiyar cin abincin, Hajiya ta manta da ni. Tana gutsuro gurasa tana dangwalo kindirmon tana ba ƙaramar jikarta, tana ce mata kishiya mai kwaɗayi, tana gardama da surukanta a kan ko ganyen nan ya kai lalo daɗi. Shekarata arba'in da 'yan kai, ranar na fara ganin yadda mahaifiyata take cin abinci. Ragowar kuwa ba ta yarda an bar ta ba. Ta sa aka ƙunshe tas, ta miƙa wa mai gadin gidan ƙanena.

Mako biyu bayan mun dawo na kai yara Kiru. Hajiya ta sa aka tsinko zogale a bayan gida, ta dafa, ta daka ƙuli-ƙuli da yaji, ta yanka albasa da tumatir, ta zuba man gyaɗa. Babban ɗana, wanda a gidanmu na birni sai an yi da gaske yake taɓa ganye, ya zo da cokalinsa ya tsuguna, ya ce, "Hajiya, a sammini horta." Ta janye kwanon, ta miƙa masa tafin hannu, ta ce, "Kawo kuɗin Abuja tukuna, angona."