Gardamar ƴan lakwal kan Ingilishi: da wace amsa za a sallama?

Duk wanda ya ratsa ta bakin wata kwaleji a Maraɗi ranar da aka yi jarrabawar Ingilishi, zai ce ko ciniki ne ya ɓaci. Yara sun yi gungu-gungu a inuwar dogon yaro, kowa da takardar tambayoyi a hannu, kowa na rantsuwa tasa amsar ce daidai. Na tsaya na saurari wasu ƴan ajin ƙarshe masu shirin BEPC, kuma abin da na ji ya shafe ku, ƴan kasuwa maza da mata.

Tambayar farko ita ce ma'anar kalmar "sale". Wani yaro ya dage cewa ƙazanta ce. Wata yarinya ta ce a'a, sayarwa ce. Yaron bai yi ƙarya ba, amma da Faransanci ya yi tunani. Rubutun ɗaya ne, ma'ana ta sha bamban. Irin waɗannan kalmomi suna da yawa. "Coin" a Faransanci kusurwa ce, a Ingilishi kuwa kuɗin ƙarfe. "Magasin" shi ne mangazarmu ta kaya, amma "magazine" mujalla ce. "Library" ɗakin karatu ne inda ake aron littafi, ba kantin sayar da littattafai ba. Yaronmu yana fara Ingilishi a ajin farko na kwaleji, bayan shekara 6 yana karatu da Faransanci, shi ya sa yake faɗawa wannan rami.

Tambaya ta biyu ta fi zafi: an ce kaya "cost an arm and a leg". Wani ya fassara kalma-kalma, ya ce hatsari aka yi, mutum ya rasa hannu da ƙafa. Aka yi dariya. Yarinyar nan, wadda uwarta ke sayar da atamfa, ta ce ai tsada ake nufi. Ta tambaye shi: in an ce abu ya yi ɗan karen tsada, ina karen yake? Nan ya yi shiru.

Gaskiyarta. Kowane harshe na da irin wannan magana, kuma ku ne kuka fi kowa saninta. In mai saye ya taya kaya kika ce "albarka", baƙo zai ɗauka addu'a kika yi masa, alhali kin ƙi tayin ne. In an ce ɗan kasuwa ya karye, ba mai kiran maɗori. Ingilishi ma in sun ce mutum "is broke", aljihunsa ne ya bushe.

Tambaya ta uku ita ce ta raba su gida biyu: "lend" ko "borrow"? Wani yaro mai bin ubansa Jibiya da Katsina ya ce da kunnensa ya ji ana cewa "borrow me", wato ranta mini. Ya ji daidai, haka ake faɗa a kasuwannin Najeriya da yawa. Amma a Ingilishin littafi, mai karɓar rance shi ke "borrow", mai bayarwa shi ke "lend". Mai gyaran takarda da na littafi yake aiki. A takardar bashi kuwa, wannan kuskure yana iya mai da mai bin kuɗi ya koma wanda ake bi.

Me ya sa za ku damu? Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Da Hausa ake ciniki, amma rasit, takardar banki, da rubutun jikin kwalin magani ko na taki, da Ingilishi suke zuwa. Haka ma kayan Dubai da Sin. Ga kuma dokar ƙasa ta 2025 da ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Yaron da ya iya rarrabe "lend" da "borrow" shi ne zai tsare uwar kuɗin gidansu gobe.

Don haka, iyaye, in kun ga yaranku sun taru suna wannan gardama, kada ku ce surutu ne ku kore su zuwa talla. Ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku saya musu ƙamus ko da ɗaya ne, su riƙa karɓa-karɓa. Ku ba su kwalaye da rasit su karanta muku. In sun kasa daidaitawa, su kai wa mushensu ya raba gardama.

Da na bar wurin, yaron mai zuwa Jibiya bai sallama ba. Ya ce sai ya gani a ƙamus da idonsa. Ɗan kasuwa ke nan: ba ya biya sai ya duba kaya.