Ɗaki a Kan Taya, Ɓauna a Bakin Ƙofa: Yadda Ake Kwana a Gandun Yellowstone

Tun kafin gari ya waye motoci kan jeru a gefen titin da ya ratsa kwarin Lamar, a arewa maso gabashin gandun dajin Yellowstone na Amurka. Waɗanda suka fi ɗaukar ido su ne manyan nan masu ɗaki a ciki: ga gado, ga murhun gas, ga firji, ga banɗaki da tankin ruwa. Masu su a ciki suka kwana, suka taso da asuba cikin sanyin da ke ƙage yatsu ko da a watan Yuli ne. Kowa ya kafa madubin hangen nesa a kan sandunansa uku, ya ƙura wa gangaren tsauni ido, yana jiran kyarketai su ɓullo.

Shugaba Ulysses S. Grant ne ya sa hannu a dokar keɓe wannan daji ranar 1 ga Maris, 1872, kuma shi ake lissafawa a matsayin gandun daji na ƙasa na farko a duniya. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 9,000, mafi yawansa a jihar Wyoming, da ɗan ɓangare a Montana da Idaho. A 2021 baƙin da suka shiga sun haura miliyan 4.8. Da irin wannan taro, dole a sa wa kowa iyaka.

Iyaka ta farko ita ce wurin kwana. Mallakar mota mai gado ba ta ba mutum damar tsayawa duk inda dare ya riske shi ba. An hana kwana a gefen titi ko a wurin ajiye motoci, sai a sansanonin da aka tanada, masu gurabe sama da 2,000, waɗanda a lokacin zafi ake kama yawancinsu tun watanni kafin a zo. A cikinsu guda ɗaya ne tak, na Fishing Bridge da ke kusa da tafkin Yellowstone, ake iya jona wa mota wutar lantarki da ruwan famfo da bututun zubar da ƙazanta. Shi kuma yana da sharaɗi: ba a karɓar mai tanti, ba a karɓar motar da wani sashe na jikinta tamfol ne. Sai mai bango mai tauri. Dalili kuwa shi ne wurin hanyar beyar ce, musamman ƙaton nan mai tozo da ake kira girizli.

Wannan tsanani yana da tarihi. A farkon ƙarni na 20 hukumar gandun da kanta take shirya wa baƙi kallon beyar: a jibge ragowar abincin otal a juji, a jera bencina, mutane su zauna suna kallon dabbobin na wawaso. A kan titi ma beyar kan tare mota ta miƙe tsaye, a miƙo mata burodi ta taga. Sabo turken wawa. Daga 1931 zuwa 1969, a kowace shekara beyar na raunata mutum 48 a matsakaicin lissafi. A 1970 aka sauya tsari: aka rufe jujin, aka kawo kwandunan shara da beyar ba ta iya buɗewa, aka tsananta dokar hana ciyar da dabbobi. Gyaran bai zo da sauƙi ba, domin beyar da suka saba da cimar banza sun riƙa afka wa sansanoni, aka kashe da yawa daga cikinsu, har a 1975 aka sa girizli cikin jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Yau adadinsu a yankin baki ɗaya ya kai kusan 1,000, raunin da suke yi wa mutane a gandun kuma ya sauko zuwa kamar ɗaya a shekara.

Wanda ya taɓa kwana a sansanin Wikki na Yankari, a jihar Bauchi, ya ga yadda gwaggon biri ke leƙa taga ko ya fizge leda a hannun baƙo, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Shi ya sa a Yellowstone ba a barin komai mai ƙamshi a waje: tukunya, kular abinci, sabulu, man goge baki, har ruwan wanke-wanke. Ko dai a kulle su cikin mota, ko a akwatin ƙarfe da aka girke a sansani. A nan mai motar kwana ya fi mai tanti kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Sai dai ni a ganina wannan kwanciyar hankalin ce ke jawo matsala ta biyu. Mutumin da ya farka a kan katifarsa, ya dafa shayinsa, ya leƙa taga ya ga ɓauna na kiwo, sai ya ji kamar a tsakar gidansa yake. Ya sauko da waya a hannu, yana matsawa don hoto ya fito da kyau. Kallon kitse ake yi wa rogo. Ɓaunar Amurka tana tafe a hankali, kai a sunkuye, amma namijin kan kai kilo 900, yana kuma gudun da ya kusa kilomita 55 a awa. A Yellowstone ba dabbar da ta raunata mutane kamar ɓauna. Doka ta ce a bar tazarar yadi 25, wato mita 23, tsakanin mutum da ɓauna ko manyan bareyin nan da ake kira elk, sannan yadi 100, kimanin mita 91, idan beyar ce ko kyarkeci. In dabbar ce ta matso, kai ne za ka ja baya.

Wani lokacin ma tausayi ne ke yin ɓarnar. A watan Mayun 2016 wasu baƙi suka ga jaririn ɓauna shi kaɗai, suka ɗauka sanyi yake ji, suka saka shi a bayan motarsu suka kai wa jami'ai. Da aka mayar da shi garken ya ƙi karɓarsa, ya koma bin motoci a kan titi, dole aka kashe shi. An sake irin haka a 2023 a bakin kogin Lamar, aka ci wanda ya aikata tara. Abin da ke ƙara ba da takaici shi ne yadda aka sha wuya kafin a dawo da wannan dabba: a 1902 ɓaunar dajin da ta rage a gandun ba ta wuce ashirin da 'yan kai ba, yanzu kuwa ana maganar dubbai.

Kyarketan da ake sammako dominsu su ma dawo da su aka yi. An kashe na ƙarshe a gandun a 1926. A 1995 aka kawo 14 daga Kanada, aka ƙaro 17 a 1996. Tun daga nan yawan elk ya ragu, itatuwan bakin rafi suka farfaɗo a wasu wurare. Masana dai har yanzu suna ja-in-ja kan ko kyarketan ne ummul haba'isin wannan sauyi, ko kuwa akwai hannun beyar da maharba da fari a ciki.

Ita motar, in an zauna a cikinta, maɓoya ce mai kyau, don dabbobin sun saba da wucewar motoci ba sa razana. Wahalarta girma ne. Titunan gandun matsattsu ne, gudu bai wuce kilomita 72 a awa ba, kuma da zarar wani ya hango beyar ya taka birki a tsakiyar hanya, sai cunkoso ya miƙe. Janareta ma a wasu sansanoni kawai aka yarda a kunna, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 8 na dare. Ruwan banɗaki kuma sai an kai shi tashar da aka gina domin juye shi.

A farkon Nuwamba ake rufe yawancin titunan saboda dusar ƙanƙara, yawancin sansanoni su watse. Hanya ɗaya ce ke buɗe wa motoci duk shekara, wadda ta taso daga garin Gardiner ta bi ta kwarin Lamar zuwa Cooke City. Masu bibiyar kyarkeci na gaske a wannan lokacin suke zuwa, don dabbobi sun sauko kwari neman abinci, kuma an fi hango su a kan farar ƙasa. Mai motar kwana da ya ce zai bi sahunsu sai ya fara zubar da ruwan tankinsa da na bututu, in ba haka ba ya daskare ya fasa su cikin dare.