Hanta rumbun jiki ce: mi ya haɗa bitamin A da mai?

Kowa ya san dundumi. Da almuru ta yi, sai yaro ya shiga lalube, yana karo da turmi. Tun da can, tsofaffi kan gasa hanta su ba shi. Ba su yi kuskure ba. Dundumi alama ce ta ƙarancin bitamin A, hanta kuwa ita ce rumbunsa, ga dabba da mutum. Wajen kashi 80 cikin 100 na bitamin A da ke jikinmu a hanta yake ajiye.

Amma aikinsa bai tsaya ga ido ba. An gina jikinmu da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Cikin ƙwaya akwai wani abu kamar littafi, wanda muka gada daga uwa da uba. A cikinsa aka rubuta ayyukan jiki duka. Ƙwaya ba ta karanta shi gaba ɗaya. Wani shafi a buɗe yake, wani a rufe.

To, wa ke buɗe shafi? A shekarar 1987, masana a Faransa da Amurka sun gano wani mai gadi da ke zaune bakin littafin. Jiki kan juya bitamin A ya zama ɗan saƙo. Idan ɗan saƙon ya isa ga mai gadi, sai shafi ya buɗe, ƙwaya ta kama aiki. A 1990 kuma, a Ingila, an gano wani mai gadin. Daga baya aka tabbatar shi saƙon mai da kitse yake amsawa. Cikin hanta, wannan mai gadi ba ya aiki shi kaɗai, sai ya haɗu da wani ɗan'uwansa mai amsa saƙon bitamin A. Su biyu ke buɗe shafin da ke sa hanta ta ƙona kitse, jiki ya samu ƙarfi.

Tun daga tukunya ma tare suke tafiya. Bitamin A ba ya narkewa cikin ruwa, sai cikin mai. Saboda haka:

1. In za a kwaɗa zogala ko rama, a sa ƙuli-ƙuli ko ɗan man gujiya.
2. A shanya ganye a inuwa, don rana na rage amfaninsa.
3. A ba yara mangwaro, kabewa, karoti, ƙwai da hanta.
4. A kai yara ƴan wata 6 zuwa shekara 5 likita su amshi ƙwayar bitamin A. Mai ciki kada ta sha irin ta yara, don yawansa na cutar da ɗan da ke ciki.

Hanta na iya riƙe ajiyarta watanni. Mu cika wa yaranmu wannan rumbu lokacin ganye da mangwaro, tun kafin su yanke.