Ko Kun Sani? Yawan Furotin Kaɗai Ba Ya Ƙosar da Ɗan Tsako

A makonni 3 na farko, ɗan tsakon burola yana buƙatar abinci mai furotin kusan kashi 23 cikin 100. Amma jikinsa sai ya farfasa furotin ɗin zuwa ƙananan sinadarai da ake kira amino asid kafin ya gina tsoka da gashi, kuma wanda ya fi ƙaranci a cikinsu shi ke tsayar da girma. A haɗin masara da waken soya, metiyonin ne ke fara gazawa, sai laisin ya biyo baya. Ma'aunin NRC na Amurka na 1994 ya sa laisin kashi 1.1, metiyonin kashi 0.5 cikin 100 na abincin.

A nan ne masu haɗa abinci a gida ke yin asara. Tunkuzar gyaɗa tana da furotin sosai, amma metiyonin da laisin duka sun yi mata ƙaranci. Ƙara ta barkatai ba ya cike giɓin. Rarar furotin ɗin sai ta fita a kashi, dusar katakon ƙasa ta jiƙe, ɗaki ya ɗau wari mai yaji a ido. Garin metiyonin da laisin ɗan kaɗan, in an gauraya shi sosai, ya fi buhun tunkuza amfani.