Filastar Ƙananan Allurai Za Ta Iya Rage Tsadar Rigakafi

A saman fatar ɗan Adam akwai wani siririn ɓawo wanda kaurinsa bai wuce kashi 2 cikin 100 na milimita ba. Shi ne yake hana yawancin magunguna shiga jiki idan an shafa su, abin da ya sa ake dogara da sirinji.

Domin shawo kan wannan matsala, masana sun ƙera wata filasta mai ɗauke da jerin allurai waɗanda tsawonsu bai kai milimita 1 ba. Idan aka manna ta, allurai sukan huda ɓawon, su narke, su saki maganin, ba tare da zafi mai yawa ba.

Masu bincike a Cibiyar Fasaha ta Jojiya da ke Amurka ne suka fara nuna ingancin dabarar a 1998. A 2017 wani gwaji ya nuna cewa rigakafin mura da ke cikin filastar ya riƙe ƙarfinsa shekara guda a zafin digiri 40. A 2024 kuma, sakamakon gwaji a Gambiya ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na jarirai sun sami kariya daga ƙyanda.

Ga 'yan kasuwa, amfanin shi ne raguwar kuɗin firiji da na jigila da na zubar da tsofaffin sirinji. Sai dai babban aikin da ya rage shi ne kafa masana'antun da za su ƙera miliyoyinta cikin tsabta kuma da araha.