An ga yaron da ya ɓata, amma kuka bai ƙare ba

DUK wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya san yadda labarin ɓatan yaro yake ƙarewa. A 'Yaadon Ki Baaraat' na 1973, waƙar gidansu ce ta haɗa 'yan'uwa uku bayan shekaru. A 'Amar Akbar Anthony' na 1977 kuwa, Vinod Khanna da Rishi Kapoor da Amitabh Bachchan sun tashi a gidaje uku da addinai uku, har suka bai wa mahaifiyarsu jini ba su san ita ba ce. Daga ƙarshe a gane juna, a rungume, a yi kuka, a cashe. Shi kenan, kowa ya watse yana murna.

To amma washegari fa? Yaron da ya shekara tara yana kiran wani mutum Baba, da ya farka a sabon ɗaki, wa zai nema? Wannan tambayar ce wani fim ɗin Amurka mai suna 'The Deep End of the Ocean' ya tsaya a kai.

Asalin labarin littafi ne na wata 'yar jarida, Jacquelyn Mitchard, wadda ta rubuta shi bayan rasuwar mijinta. Ya fito a 1996, kuma shi ne littafi na farko da Oprah Winfrey ta zaɓa wa masu kallon shirinta su karanta, nan da nan ya yi kasuwa. A 1999 darakta Ulu Grosbard ya mai da shi fim. Michelle Pfeiffer ta fito a matsayin uwar, Beth Cappadora, Treat Williams shi ne mijinta Pat, ita kuma Whoopi Goldberg 'yar sanda ce mai bincike, Candy Bliss.

Beth mai ɗaukar hoto ce. Ta kwashi 'ya'yanta uku zuwa birnin Shikago, taron tsofaffin ɗaliban makarantarsu. Otal ya cika maƙil. Sai ta ce wa babban, Vincent, ɗan shekara 7, ya riƙe hannun ƙanensa Ben mai shekara 3, bari ta je wajen masu karɓar baƙi ta dawo. Ko da ta juyo, babu Ben babu dalilinsa. Aka yi cigiya, aka baza hotuna, 'yan sanda suka yi iya yinsu. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Daga nan fim ɗin ya bar 'yan sanda ya shiga cikin gida. Beth ta ajiye aiki, ta koma sai barci da zaman zugum. Pat yana so a ci gaba da rayuwa, ita kuma tana ganin duk wanda ya yi dariya ya ci amanar Ben. Jaririyarsu Kerry ta girma kusan ba uwa. Vincent kuwa, wayyo! Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya tambaye shi me ke cin sa. Kowa na neman yaron da ya ɓata a waje, ga wani yana ɓacewa a tsakar gida ba a lura ba.

Bayan shekara tara, iyalin sun riga sun koma Shikago da zama, inda Pat ya buɗe gidan abinci. Rannan sai ga wani yaro ɗan unguwa ya ƙwanƙwasa ƙofa, wai ko suna son a yanke masu ciyawar ƙofar gida. Beth na ganin sa jikinta ya mutu. Ta ɗauko kyamara ta yi ta ɗaukar sa a ɓoye. Da aka gwada zanen yatsa, ashe Ben ne! Layi biyu kacal tsakanin gidansu da inda yake zaune.

Da a Bombay ne, nan za a saki kiɗa. A nan kuwa yanzu aka fara. Yaron sunansa Sam yanzu, kuma bai san kowa a gidan ba. Wadda ta sace shi tsohuwar 'yar ajin su Beth ce, Cecil, mai taɓin hankali, kuma ta riga ta kashe kanta. Mijin da ta aura, George Karras, bai san komai ba. Tsakani da Allah ya riƙe yaron a matsayin ɗa. Ka ga ke nan babu bos ɗin da za a lakaɗa wa duka a huce. Doka ta ce Sam na su Beth ne, zuciyarsa ta ce George ne ubansa. Cikin dare sai ya sulale ya koma tsohon gidansu.

Wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne inda Beth, da hannunta, ta mai da yaron wajen George. Matar da ta shekara tara tana jiran sa! Pat ya yi fushi har aurensu ya nemi girgiza. Amma ita ta gane cewa ɗa ba kayan aro ba ne da za ka ƙwato ka ajiye. Gara ta gan shi daga nesa yana walwala da ta tsare shi yana ƙunci.

Abin da ya dawo da Sam ba waƙa ba ce, ba laya ba, ba tabo a kafaɗa ba. Wani ɗan tunani ne guda: akwatin katako da ya taɓa shiga yana ƙarami suna wasan ɓuya, murfi ya rufe da shi, amma bai ji tsoro ba don ya san yayansa zai zo. Ya faɗa wa Vincent wannan ne lokacin da ya kai masa ziyara a tsare, bayan ya yi ɓarna da mota. A ƙarshen fim, suna buga ƙwallon kwando cikin dare, Vincent ya amayar da abin da ya haɗiye tun yana ɗan shekara 7: shi ne ya saki hannun ƙanensa, har ya kore shi. Sam ya nuna masa komai ya wuce. Iyayen na leƙe ta taga.

Fim ɗin bai yi wani cinikin a zo a gani a sinima ba, wasu masu sharhi ma sun ce ya yi sanyi. Amma abin da ya taɓo ba tatsuniya ba ce. A 2019, 'yan sandan Kano sun ba da sanarwar kuɓutar da yara tara da aka sace, akasarinsu a Anacha ta Jihar Anambra, an canza masu sunaye. Gari ya ɗauka, aka yi ta barka. Da 'yan jarida suka naɗe kayansu, su iyayen aka bari da aikin koya wa ɗa sabawa da gidan da aka haife shi.

Saboda haka ga ƙalubale ga marubuta da daraktocin finafinan Hausa. In za a yi fim kan ɓatan yaro, kada a tsaya a kan boka da mugun kawu da rungumar ƙarshe. A leƙa ɗakin uwar da ta kasa kyautar da kayan ɗanta. A dubi yayar da aka aika da shi sayen ƙuli ta dawo ita kaɗai, kuma har yau ba wanda ya ce mata ba laifinta ba ne. A nan labarin yake.